Wadda Ta Ce In Naɗe Hannun Riga

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran jami'ar ɗaukar ɗalibai ta makarantar kwana ta yara masu buƙata ta musamman, wadda iyaye da malamai har da masu gadi muke kira Gwaggo. Ta rasu a asibiti bayan jinyar wata biyu, tana da shekara sittin da ɗaya. Ta bar miji da 'ya'ya uku da jikoki biyar. Ta kuma bar fayil sama da ɗari biyu a tsohuwar durowar ƙarfe ta ofishinta, kowanne ɗauke da sunan yaron da iyayensa ke jiran a ba shi gadon kwana a makarantar. Ɗaya daga ciki na 'yata ne.

Gwaggo, ni ba danginki ba ne, ban kuma taɓa aiki a ƙarƙashinki ba. Malamin lissafi ne ni a wata sakandare, uba ɗaya daga cikin ɗaruruwan da suka zauna a bencin ƙofarki. Akwai waɗanda suka fi ni saninki, amma ban tsammani akwai wanda ya fi ni shan faɗanki ba, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana. An ce da kanki kika zaɓi wannan suna. Wata uwa ce ta kira ki Mama, kika ce a'a, kowane yaro a nan yana da uwarsa, ke gwaggo ce, kina son ɗa kuma kina da ikon yi wa ubansa faɗa. Kin kuwa riƙe wannan iko hannu biyu-biyu.

'Yata ta fari tana da galahanga, lalurar da likitoci ke kira otizim. A gida muna ce mata Tsuntsuwa, saboda in ta ji daɗi sai ta yi ta kaɗa hannuwa kamar mai shirin tashi. Kalmominta ba su kai goma ba. Ƙara tana gigita ta, in kuwa ta gigice takan ciji duk hannun da ya fi kusa, nata ko na wani. In ta sami ƙofa a buɗe ba ta tsayawa sai tsakiyar titi. Kafin mu zo wurinki makarantu shida sun sallame mu, har da wadda nake koyarwa a ɓangarenta na sakandare. Shugabanta, abokina na shekaru, ya kira ni gefe ya ce iyayen sauran yara suna ƙorafi. Shekara ashirin ina koya wa 'ya'yan mutane, aka rasa kujera ɗaya ta tawa. A wajen nan na ɗauki darasin da nake ganin babu shakka a cikinsa: duk inda muka faɗi gaskiya a kan yarinyar nan, ƙofa rufewa take yi.

Saboda haka ranar da na karɓi fom ɗin makarantarku, shafi huɗu, na zauna na cike shi da wayon da nake taƙama da shi. Tana cizo? A'a. Tana gudu daga gida? A'a. Tana ji wa kanta rauni? A'a. Tana barci yadda ya kamata? Ƙwarai kuwa. Na zana yarinyar da ko ni ban taɓa gani ba. Da safiyar ranar ganawa kuma na yi abin da har yau in na tuna nakan sunkuyar da kai. Na ba ta cokali biyu na maganin mura mai sa barci, don ta zauna shiru a gabanki. Mahaifiyarta ta ce kada in yi, na ce mata ba ta san yadda duniya take ba. Ni kuma na sa riga mai dogon hannu na ɓalla maɓallanta har wuyan hannu, alhali rana ce ta zafi mai sa kwalta laushi.

Ofishinki ɗan ƙaramin ɗaki ne kusa da get. Babu hoto ko ɗaya a bango, babu agogo mai ƙara, fanka a kashe, tebur an tura shi kusurwa, sai darduma shimfiɗe a tsakiya. Daga baya na gane duk don yara kika yi haka, har ƙwan fitila kika sa aka canja saboda tsohon yana wani ɗan zuzu da mu ba ma ji amma su yana huda musu kunne. A ƙasa muka same ki zaune, gilashinki rataye a wuya. Ba ki kalli Tsuntsuwa kai tsaye ba, ba ki ce ta gaishe ki ba. Ta jingina da kafaɗar uwarta tana gyangyaɗi, ni kuwa ina ta murna a zuci cewa dabara ta ci.

Kika karanta fom ɗin daga farko har ƙarshe, kika ajiye shi a kan darduma.

"Malam, wannan yarinyar ta cikin takarda, me za ta zo yi a nan? Ai ta fi ni lafiya. Kai ta makarantar unguwarku."

Na fara kame-kame. Kika ɗaga hannu.

"Naɗe hannun rigarka."

Na ce zafi bai dame ni ba. Kika ce ke ya dame ki, in taimaka in naɗe. Na naɗe. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu shaidar haƙora ce, tsoho da sabo, wani ya warke ya yi baƙi, wani ko ɓawo bai yi ba. Kika daɗe kina dubawa, sannan kika ce, "Takarda ta ce ba ta cizo. Wa zan gaskata, ita ko hannunka?"

A ranar kika bayyana mini abin da ban taɓa kawowa a rai ba. Gado arba'in ne kacal a makarantar, masu jira sun haura ɗari biyu. Kwamiti yana zama sau biyu a shekara, kuma in gado ya samu, wanda ya fi kowa buƙata ake ba, ba wanda ya fi sauƙin riƙo ba. Da fom ɗin nan nawa ya shiga hannun kwamiti yadda na cike shi, da 'yata ta faɗa can ƙasan jeri, inda ba za a taɓa kaiwa gare ta ba. Da hannuna na kusa rufe mata ƙofa ɗaya tilo da aka gina domin irinta. Kika ƙara da cewa ba a ɗaukar yaro in ya cika shekara goma sha uku. Tsuntsuwa tana da tara da rabi a lokacin.

Ba ki wulaƙanta ni ba, ko da yake na cancanta. Kin ce ba ni ne na farko ba, kusan kowane uba da ya sha kora haka yake zuwa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma a kan maganin ba ki yi mini sassauci ba. Kin dubi yarinyar da ke barci, kika ce, "Wannan ba 'yarku ba ce. Ku je gida, ranar Laraba zan zo in ga ta gaskiyar. Kuma Malam, in ka sake ba ta abin da likita bai rubuta ba, ni da kai ne." Kika miƙo mini sabon fom, kika ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in rubuta mummunar ranarmu, kada in rubuta kyakkyawa.

Kin zo ranar Larabar a motar haya, da jakar leda da littafin rubutu. Aikinki bai wajabta miki zuwa gidan kowa ba, amma na ji ba ki taɓa kai sunan yaro gaban kwamiti ba sai kin ga inda yake kwana. Awa uku kika yi zaune a bakin ƙofar kicin. Kin ga sakatar da muka ɗaga can sama kusa da silin, kin ga kwaɗon da ke jikin firij, kin ga taga da aka cire gilashinta aka buga katako. Tsuntsuwa ta yi duk abin da take yi, ta watsar da kwanuka, ta buga kanta da bango da maƙwabci ya kunna injin wuta. Kina ta rubutu da wannan rubutun naki da babu mai iya karanta shi sai sakatariyarki. Da za ki tafi sai kika juya wajen matata kika tambaye ta yaushe rabonta da barcin awa huɗu a jere. Shekara tara muna yawon asibitoci da makarantu, kowa tambayar yarinya yake yi, babu wanda ya taɓa tambayar uwar. Ta buɗe baki za ta amsa, kuka ya ƙwace mata. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban san amsar ba, kuma na ji kunyar hakan.

Daga nan aka shiga jira. Wanda bai taɓa zama a jerin jira ba ba zai gane yadda yake cin mutum ba. Kowace ranar haihuwar 'yarka, maimakon murna sai ka yi lissafin abin da ya rage. Abin da ya sa muka iya jurewa shi ne Litinin ɗin farko ta kowane wata wayarki tana shigowa, ko akwai labari ko babu. Yawanci babu. Sai ki ce, "Gwaggo ce. Ba a samu ba tukuna, amma ba a manta da ku ba. Me ya canja?" Duk abin da muka faɗa sai ya shiga fayil: ta fara tsallake katanga, ta fi ƙarfin uwarta, an haifa mata ƙane kuma ba a iya barinsu ɗaki ɗaya. Na ɗauka mu kaɗai kike yi wa haka, sai sakatariyarki ta gaya mini mako guda cur kike kwashewa kina bin jerin nan gida-gida ta waya.

Ba ki bar jiran ya tafi a banza ba. Kin ce yaro irin wannan ba a ɗauko shi rana ɗaya a jefa shi baƙon wuri. Kika roƙi shugaban makaranta ya bar iyayen da ke jira su riƙa kawo yaransu ranar Asabar ɗaya a wata, su zaga fili, su ga ɗakin kwana da ɗakin cin abinci, su saba da fuskokin masu kula. Ya ce babu wannan a tsari, kika ce to a sa shi. A irin waɗannan Asabar ɗin ne wata malama ta koya wa Tsuntsuwa nuna katin hoto in tana son ruwa ko bayan gida. Ranar da ta fara miƙo mini katin kofi maimakon ta kai mini cizo, na fita bayan gida na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Ba zan ce ke mala'ika ba ce, don kin tsani ƙarya a takarda. Bakinki yana da kaifi, ba kya jira mutum ya gama kewaye-kewaye, kuma 'yan kwamiti sun sha kuka da ke cewa kina riƙe su har yamma a kan yaro ɗaya. Da na gaji da jira a shekara ta biyu, na samo 'yar takardar neman alfarma daga wani babba da nake koya wa ɗansa darasi a gida. Kika karɓa, kika duba sa hannun, kika mayar mini a cikin ambulan ɗinta. Kika ce in gaishe shi, in kuma gaya masa in yana son taimako ya gina ɗakin kwana na biyu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne watan Maris na bara. Gado biyu suka samu, ba a ba mu ba. Na ji cewa ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗauka bai fi wata biyar da shiga jeri ba, mu kuwa muna neman shekara biyu. Na bar aji na zo ofishinki a fusace, na faɗi maganganun da ba su dace da bakin malami ba. Na ce ashe ke ma kina da naki, na ce Allah Zai tambaye ki. Kika bar ni har na gaji, sannan kika ce, "Zai tambaye ni kam, shi ya sa ba na barci sosai a watan kwamiti. Ba zan gaya maka sirrin gidan wani ba, kamar yadda ba zan gaya wa wani naka ba. Sha ruwa ka koma aji." Bayan watanni na ga yaron a wata Asabar, na ga wadda ta zo duba shi. Kakarsa ce, tsohuwa makauniya da sanda, iyayensa duka sun rasu a hatsarin mota, ita kaɗai ta rage masa. Na yi niyyar zuwa in ba ki haƙuri, girman kai ya yi ta ce mini gobe. Litinin ɗin farko ta watan da ya biyo baya kuwa wayarki ta shigo kamar ba abin da ya faru.

Sau shida kwamiti ya zauna ba mu samu ba. Zaman wannan wata na Satumba shi ne na bakwai, kuma na ƙarshe gare mu, domin ranar huɗu ga Oktoba Tsuntsuwa za ta cika sha uku. A watan Yuli aka ce kin kwanta asibiti. Litinin ɗin farko ta Agusta waya ta shigo daga lambarki, muryarki ta yi ƙasa har sai da na toshe ɗaya kunnen. Na ce Gwaggo ki huta mana. Kika ce, "Kai dai faɗa mini, me ya canja?"

Ina cikin aji ina rubutu a allo saƙon rasuwarki ya shigo. A nan zan faɗi abin da ban gaya wa kowa ba, don ke kika koya mini rubuta mummunar rana. Kafin in yi salati, kafin in tuna mijinki ko 'ya'yanki, abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne: to fayil ɗin 'yata fa? Wa ya san abin da ke ciki? Wa zai iya karanta rubutunki? Na tsaya da alli a hannu ina jin ƙyamar kaina. Matar da ta yi shekara uku tana ɗauke da mu ta mutu, ni kuwa ina lissafin gado. Na je jana'iza da wannan nauyin, na dawo da shi.

A wajen zaman makoki na ga irin jama'ar da kika tara. Iyayen da 'ya'yansu suka samu gado sun zo, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya girgiza ni shi ne waɗanda ba su samu ba. Wani direba ya nuna mini wasiƙar da kika rubuta masa shekara biyar da suka wuce, lokacin da ɗansa ya wuce shekarun ɗauka. Ba wasiƙar ofis ba ce mai layi biyu. Shafi uku ne, da sunayen wuraren koyon sana'a, da likitan da zai nema, da abin da zai ce in ya je. Ya ce har bana kina kiransa. Ƙanwarki kuma ta gaya mana abin da ba ki taɓa faɗa ba, cewa kuna da wa mai irin wannan lalura, wanda ya yi rayuwarsa kaf a ɗakin baya a kulle saboda a zamanin babu inda za a kai shi, ya rasu yana da shekara goma sha tara. Ta ce ke kike kai masa abinci.

Ita ce kuma ta ba mu labarin makonki na ƙarshe. Kin sa sakatariya ta kwaso fayiloli goma sha ɗaya ta kawo miki gadon asibiti. Da hannu ya ƙi riƙe biro, kina faɗa tana rubutawa. Ranar Alhamis, huɗu ga wata, kika ce sai an kai ki zaman kwamiti. Likita ya hana, mijinki ya roƙe ki, kika ce takarda ba ta iya amsa tambaya. A keken marasa lafiya aka shigar da ke, kika yi awa biyu, aka mayar da ke asibiti. Ranar Litinin aka kawo miki wasiƙu uku kika sa hannu. Ƙanwarki ba ta san na su wane ne ba, ni kuma ban iya tambaya ba.

Jiya Juma'a da hantsi ɗan aiken makaranta ya buga mana ƙofa. Matata ce ta karɓi ambulan, ta kasa buɗewa, ta miƙo mini. An ba Tsuntsuwa gado, za ta fara ranar Litinin, sha biyar ga wata, saura kwana goma sha tara ta cika sha uku. Sa hannunki yana ƙasa, ya karkace ya gangara kamar zai faɗo daga takardar. A ƙarƙashinsa akwai layi biyu da sakatariya ta rubuta da biro, ta sa a gefe cewa Gwaggo ce ta ce a ƙara: "Kada ku saya mata sabon bargo. Ku kawo wanda take rufa da shi a gida, kuma kada a wanke, ƙanshin gida zai taimake ta a makon farko."

Kwana ɗaya ya rage miki a duniya, kina tunanin bargon 'yar mutumin da ya zage ki bai ba ki haƙuri ba. Gwaggo, ki yafe mini. Na makara, amma ga shi na faɗa a gaban jama'a.

Ina miƙa ta'aziyyata da ta iyalina ga maigidanki, wanda ya yi haƙurin raba ki da gidaje ɗari biyu, da 'ya'yanki da jikokinki da ƙanwarki, da sakatariyarki da duk ma'aikatan makarantar. Ina kuma yi wa iyayen da har yanzu suke cikin jeri ta'aziyya, musamman gidaje takwas da aka duba fayilolinsu tare da namu ba su samu ba. Na san abin da ke ransu a yau, kuma ba zan manta da su don na tsallake ba. Allah Ya ba su mafita, Ya kawo wanda zai zauna a kan dardumar nan da irin tsoron Allahnki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah Ya yalwata kabarinki Ya haskaka shi, Ya haɗa ki da yayanki a inda babu ɗakin da ake kullewa. Allah Ya ba iyalinki haƙurin rashinki, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Jibi da safe za mu kai ta, Gwaggo. Bargon yana cikin jaka, ba mu wanke ba.